Godiya ga Mutanen da Suka Koya wa Yarona Tuƙin Jirgi Marar Inji

Zuwa ga shugabanni da malamai da dukkan 'yan ƙungiyar masu tashi da jirgi marar inji da ke wancan ƙauye na ƙasar Jamus, inda yaron wajena yake wuni duk Asabar da Lahadi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ni tsohon malamin firamare ne, yanzu na koma gona a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim ta Jihar Jigawa. Ban taɓa ganinku ido da ido ba. Na rubuta wannan takarda na sa ta a fili domin mutanenmu su zama shaida, shi kuwa yaron zai karanta muku ita idan kun taru. Yabon gwani ya zama dole.

Karatun injiniya ne ya kai shi ƙasarku. Ranar da ya bugo waya ya ce ya shiga ƙungiyar da ake koyon tuƙin jirgin da ba shi da inji, mahaifiyarsa ta ce sam, ba da yawunta ba. Ni ma hankalina bai kwanta ba. Jirgi ba baƙonmu ba ne a ƙasar nan: tun 1925 ya fara sauka a Kano, makarantar koyon tuƙinsa tana Zariya tun 1964, ga kuma filin jirgi a Dutse inda alhazanmu ke tashi. Amma duk jirgin da muka sani, da rurin inji muka san shi.

Abin da ya fara sanyaya mini zuciya shi ne bidiyon da ya riƙa aiko mana. Ƙanensa ke riƙe wayar, mu kuma mu kewaye shi a zaure bayan sallar la'asar. Na ga yadda kuke haɗuwa da sassafe, tun raɓa ba ta bushe a kan ciyawa ba, ku turo jiragen daga rumfarsu da hannu. Na ga dattijo mai furfura yana tura jirgi kafaɗa da kafaɗa da yarinya 'yar shekara 14, wadda aka ce ita ma ɗaliba ce, don dokar ƙasarku ta yarda mai waɗannan shekaru ya tashi shi kaɗai idan malamansa sun gamsu. Kafin kowa ya hau, sai an zagaya jirgin an duba fukafukai da jela da kowace mahaɗa, an taɓa da hannu, sannan a sa hannu a littafi. Sai a tsaya a yi bayanin yanayin ranar, ta ina iska take busowa, ƙarfinta nawa.

Tashin kuwa, mun maimaita kallonsa har batirin wayar ya ƙare. Jirgin a kan tayar tsakiya yake zaune, shi ya sa yake karkace, fiffike ɗaya na kwance a ƙasa. Yaron ya goya lemar sauka a baya ya shiga gaba, malami ya zauna a bayansa. Wani ya maƙala igiya a ƙarƙashin cikin jirgin, ya ɗaga bakin fiffiken ya daidaita shi. Can ƙarshen filin, nisan wajen kilomita ɗaya, akwai inji mai nannaɗe igiyar. Ana ba da izini ta oba-oba igiya ta miƙe, mai riƙe da fiffike ya ɗan ruga taku kaɗan ya saki, sai ga jirgi ya ɗaga hanci ya nufi sama. Cikin ƙasa da minti ɗaya ya kai tsayin mita 400 ko fiye, ya saki igiyar, ta sauko da 'yar lemarta, wani ya bi ta da tsohuwar mota ya jawo ta. Na lissafa, kafin mutum ɗaya ya tashi sai mutum huɗu ko biyar sun yi masa aiki a ƙasa, shi ma yana sauka zai koma ya yi wa wani. Maƙwabcina da ke kallo tare da mu ya ce, "Malam, ai wannan gayya ce." Gaskiyarsa.

A nan godiyata ta fi nauyi. Koyon tuƙin jirgi mai inji harkar miliyoyi ce a ko'ina, ɗan malamin firamare ba ya ko mafarkinta. Ku kuwa malamanku ba a biyansu ko sisi. Mutane ne masu sana'o'insu, sun yi aikin mako sun gaji, amma su zo su wuni a fili cikin rana da iska suna koyar da ɗan wani. Idan sanyi ya shigo aka daina tashi, kowa ya koma ɗakin gyara, a wanke, a goge, a sauya abin da ya tsufa, a karanta dokokin sararin sama da ilimin yanayi da karatun taswira. Da wannan gumin ne kuɗin ya sauko har ɗalibi mai ɗan abin hannu ya iya. An ce ɗa na kowa ne. Mu muke faɗa, ku kuma kun aikata shi a kan yaron da ba ku san iyayensa ba.

Na yi shekaru ina riƙe da alli, na san malamin da ke son yaro da wanda ke son yaro ya so shi. Naku na farko ne. Ya ba ni labarin yadda malaminsa kan saki igiya da gangan a tsakiyar hawa, babu sanarwa, don ya ga abin da zai yi. Dole nan take ya kwantar da hancin jirgin kada gudu ya ƙare masa, sannan ya yanke shawara: ya sauka a gaba idan sauran filin ya isa, ko ya zagayo idan yana da tsayi. Sun yi ta maimaita wannan har ya zame masa jiki. Akwai ranar da ya zo bai yi barci ba saboda jarrabawa, malamin ya dubi idonsa ya ce yau aikin ƙasa zai yi. Ransa ya sosu, ya faɗa mini. Na ce masa ya je ya yi wa mutumin nan godiya.

Haka kuma da azumi. Kun zaunar da shi kun yi masa bayanin yadda ƙishirwa ke rage kaifin hankalin matuƙi, kuka bar masa zaɓi ba tare da kun raina ibadarsa ba. Ya zaɓi aikin ƙasa a watan. Kun ware masa wuri mai tsabta na salla a ofishinku, kuma idan ana gashin nama da yamma kuna keɓe masa nasa wajen gashin. Mahaifiyarsa ta fi jin wannan fiye da duk wani bayanin jirgi.

Da ya zo hutu a bazara muka fita gona tare, muna sharar fili. Wajen azahar ya tsaya ya nuna mini shirwa guda uku suna kewaya a sama, ko fiffike ba sa kaɗawa, amma ƙara nisa suke yi. Ya ce, "Baba, abin da nake yi ke nan." Rana ce ke gasa ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta, iskar mai zafi ta tashi sama a dunƙule. Wanda ya shiga cikinta ya yi ta kewaya, za ta ɗaga shi. A jirgin akwai na'urar da ƙararta ke ƙara sauri idan ana hawa, kuma farin gajimare mai shimfiɗaɗɗen gindi alama ce ta inda iskar ta kai. Ko guguwar nan da ke murɗa ƙura da karmami a saura, wadda muke hana yara shiga, ya ce ƙafar irin wannan iska ce. Jirgin da kuke koyarwa da shi, ASK 21, faɗin fukafukansa mita 17 ne, kuma idan yana tsayin kilomita ɗaya a sama zai iya zamewa fiye da kilomita 30 kafin ya taɓa ƙasa. Yaran unguwa suka taru suna saurare, bakinsu a buɗe. Tun daga ranar ƙannensa ba sa barin shirwa ta wuce ba su yi gardama a kanta ba.

Ya ce Turawa na zuwa Namibiya da Afirka ta Kudu takanas don irin zafin ƙasar da muke da shi, kuma Ghana ta taɓa buɗe makarantar wannan tuƙi a Afienya zamanin Kwame Nkrumah. In ban da hazon hunturu, sararin Jigawa ya dace da abin. Ina fata masu riƙe da harkar ilimi a jiharmu za su karanta wannan.

Wani abu da ya burge ni a matsayina na manomi: idan iskar ta ƙare wa matuƙi nesa da gida, sai ya zaɓi gona ya sauka, abokansa su zo da tirela su kwance fukafukan su ɗauke shi. Kun koya masa ya nemi gonar da aka girbe, kuma abu na farko bayan sauka shi ne ya nemi mai gonar ya gaishe shi ya ba shi haƙuri.

Ranar da kuka bar shi ya tashi shi kaɗai, ya yi zagaye uku kamar yadda tsarinku yake, malaminsa na tsaye a ƙasa da oba-oba a hannu bai ɗauke ido daga kansa ba. Da ya sauka kuka miƙa masa damin furen ƙaya bisa al'adarku, kowa ya zo ya taya shi murna. Da dare ya kira mahaifiyarsa ya ba ta labarin matuƙin nan Sullenberger, wanda injunansa biyu suka mutu a 2009 ya sauke jirgi a kan kogin Hudson a Amurka, mutum 155 suka tsira, kuma shi ma ya koyi irin wannan tuƙi tun yana matashi. Ta yi shiru, sannan ta sa masa albarka. Yanzu saura tafiyar kilomita 50 shi kaɗai da jarrabawa ya karɓi lasisi.

Na ba shi huluna ɗinkin hannu da dabinon Dutse ya kawo muku, ku yi haƙuri da ƙanƙantarsu. Duk wanda hanya ta biyo da shi Kano a cikinku, ya sani yana da masauki a gidana. Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku a sama da ƙasa, ya raya muku zuri'a.

Naku mai godiya,
Mahaifin ɗalibinku,
daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.