Kan mayen ƙarfen da ake sa wa notin juye da filtar mota

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin masu motoci, musamman direbobin haya na nan Jos, kan wata haja da ake ta tallata musu: notin juye (wanda ake kwancewa a ƙasan inji don zubar da tsohon mai) mai mayen ƙarfe a bakinsa, da kuma mayen ƙarfen da ake liƙawa a jikin filtar baƙin mai. Abin yana da amfaninsa, ba mu ce a guje shi ba. Damuwarmu ita ce maganar da ake haɗawa da shi, wai idan ka sa shi baƙin mai zai ninka kwanakinsa, sai ka jinkirta juye. Wannan magana ita ce za ta kai injin bawan Allah ga bugawa, shi kuwa yana zaune da tunanin ya yi wa motarsa gata.

Mayen ƙarfe, ko maganaɗisu, baƙin ƙarfe kawai yake ja a cikin inji. Ba ya jan alminiyam, ba ya jan jan ƙarfe, ba ya jan dalma ko kuza, ba ya jan yashi, ba ya jan baƙin hayaƙi. To a duba abin da ke ciki. Kuranshaf, kamshaf, rin, sarƙar taimin, haƙoran famfon mai da bangon silinda a yawancin motoci baƙin ƙarfe ne, garinsu zai kamu. Amma fistin alminiyam ne. Metal ɗin da kuranshaf ke juyawa a kansa kuwa, bayansa ne kaɗai baƙin ƙarfe. Fuskar da ke goguwa haɗin alminiyam da kuza ce, ko jan ƙarfe da dalma. Ma'ana, metal zai iya cinyewa wata da watanni, noti yana fitowa tas. Ranar da ka ga burbushin metal a kan mayen ƙarfe, an riga an cinye fuskar an isa ga bayan, kuranshaf ma ya ji jiki. Wanda ke son ya kama ciwon metal da wuri, ya tari man juye a kwano mai tsabta ya kai shi rana, ya karkata shi. Idan ya ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla, labari ya iso.

Babban abokin gabar inji a wannan gari ba ma ƙarfe ba ne. Ƙurar hunturu ce, da jar ƙasar hanyoyin ƙauye. Ƙurar nan garin dutse ce, ta fi ƙarfen inji tauri, tana shiga ta filtar iska da ta yage, ko ta tiyon iska da ya tsage aka ɗaure shi da roba, ko ta mazurarin da aka ajiye a ƙasa aka ɗauka aka zuba mai da shi. Ita ce ke kankare rin da silinda har garin ƙarfe ya samu. Mayen ƙarfe zai tsinci garin, amma ƙurar da ta haifar da shi za ta wuce ta gabansa ko kallo ba zai yi mata ba. Haka kuma bai san fetur ɗin da ke zurarewa ya tsinka mai ba, bai san ruwa ba, bai san tsamin da mai ke yi idan ya tsufa ba, kuma ba ya mayar da sinadaran da kamfani ya zuba a mai bayan sun ƙare. Shi ya sa littafin motoci da yawa ke cewa a wurin ƙura da gajerun tafiye-tafiye a yi juye a kilomita 5,000 ko wata 6, kuma noti mai mayen ƙarfe bai ƙara ko kilomita ɗaya a kan wannan lissafi ba.

To ina amfaninsa? Filta ta yau da kullum tana tare datti mai girman maikuron 20 zuwa 40. Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma kaurin gashin mutum kamar maikuron 70 ne. Abin da ya fi haka ƙanƙanta yakan ratsa takardar ya koma yawo, alhali shimfiɗar man da ke raba kuranshaf da metal lokacin da inji ke jan kaya 'yan maikuron kaɗan ce. Mayen ƙarfe ba ruwansa da ƙanƙanta, muddin baƙin ƙarfe ne kuma ya zo kusa. Akwai kuma wata ƙofa a cikin filta da mutane da yawa ba su san da ita ba, bawul ne da ke buɗewa idan mai ya yi kauri ko takarda ta toshe, domin kada inji ya rasa mai gaba ɗaya. A asubahin Disamba da Janairu a Jos, lokacin da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 10, wanda ya zuba mai mai kauri irin 20W-50 ya ta da mota ya hau taka totur, ƙofar nan buɗewa take, man da ba a tace ba ya wuce kai tsaye zuwa metal. Duk garin ƙarfen da noti ya riƙe a ƙasan kasko, wato mazubin da mai ke taruwa a ƙarƙashin inji, aƙalla ba ya cikin wannan tafiya. Sai dai a sani, hannun mayen ƙarfe gajere ne, ƙarfinsa bai wuce santimita ɗaya ko biyu daga bakinsa ba. Ba dukan lita 4 da ke cikin Corolla yake sharewa ba.

Masu ƙera motoci da kansu suna sa shi, amma a lura da inda suke sa shi: a kaskon giyabos na otomatik, da notin giyabos na hannu, da notin aksul. Can haƙori ne ke cin haƙori, ƙarfe a kan ƙarfe, kuma giyar hannu da aksul ba su da filta sam. Haka ƙananan janareto na fetur da babura da yawa, waɗanda ba su da filtar takarda sai 'yar raga ko ma babu. A irin waɗannan mayen ƙarfe ya fi biyan kuɗinsa nesa ba kusa ba.

Batun zafi shi ne inda ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Mayen ƙarfe mai ƙarfin nan mai ƙyalli kamar azurfa, wanda ake kira niyodimiyam, iri-iri ne. Na gama-gari, mai lamba kamar N35 ko N52 ba tare da wani harafi a baya ba, yana fara rasa ƙarfinsa daga digiri 80, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa ko ya huce. Baƙin mai kuwa yana aiki ne tsakanin digiri 90 da 110, kuma motar da ta ɗauko lodi tana hawan Kibo za ta iya zarce haka. Wanda ya dace da inji shi ne mai harafin H a bayan lambarsa, mai jure digiri 120, ko mafi kyau SH, mai jure 150. A shago na gama-garin zai fi burge ka, zai fizge sifana daga hannunka. Bayan juye biyu, ƙusa ma da ƙyar zai ɗaga. Gwajin mai sauƙi ne: duk juye, bayan an goge noti, a gwada shi da sifanar da aka gwada shi da ita ranar farko. Baƙin mayen ƙarfen da ake cirowa daga tsohuwar sifika yana jure zafi sosai, amma ƙarfinsa kaɗan ne.

Wajen sayen noti, a je da tsohon a hannu. Haƙoransa, wato tiredi, dole su zo daidai: yawancin Toyota da Nissan M12 ne, wato kaurin milimita 12, mai tazarar haƙori milimita 1.25, Honda da Volkswagen kuwa M14 mai tazarar 1.5. A jera su biyun a duba tsawo. Idan sabon ya fi tsohon tsawo sosai, zai iya taɓa ragar da famfo ke tsotsar mai ta cikinta. A zaɓi noti na ƙarfe. Masu launi ja da shuɗi na alminiyam suna da kyau a ido, amma an huda cikinsu don a zaunar da mayen, sun zama raunana, kan yakan ɓalle ya bar gindin a cikin kasko. A kuma duba yadda aka riƙe mayen. Idan an lanƙwasa bakin notin ya rufe gefensa, madalla. Idan gam kaɗai aka sa, a ajiye musu kayansu, domin zafin mai yana cinye gam, kuma niyodimiyam gautsi gare shi kamar tangaran. In ya faɗa kasko zai manne a duk ƙarfen da ya samu, ko ya farfashe, sai an kwance kasko kafin a huta.

Ɗaurawa ba ta da wuya, amma nan ake ɓarna. A yi juye inji yana da ɗumi, a bar mai ya tsiyaye sosai, a goge bakin ramin. A sa sabon washa kowane juye. Washan alminiyam ko na jan ƙarfe an yi shi ne ya lotse sau ɗaya ya toshe yoyo, idan aka maimaita shi sai yaro ya ƙara ƙarfi don ya daina ɗiga, daga nan haƙoran kasko su tafi. A fara murza notin da yatsu har ya zauna, domin mayen yakan ja shi gefe a bakin kaskon ƙarfe ya shiga a karkace. Sannan a ɗaure da sifana mai ma'auni. Yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 45 a ma'aunin Newton-mita. Corolla mai injin 1ZZ 37 take so. Ba wurin sa bututu a sifana a taka da ƙafa ba ne, balle a kaskon alminiyam.

Ainihin ribar notin tana ranar da aka kwance shi. Kada yaron shago ya yi saurin goge shi da tsumma. A riƙe shi a haske a duba. Za a ga bakinsa ya yi tsiri-tsiri kamar gashin bushiya, wannan kada ya tsorata kowa, jan mayen ne ke tsayar da garin haka. A shafo shi da yatsa a murza a kan farar takarda. Idan ya baje laushi kamar kwalli, ba ka jin komai a ƙarƙashin yatsa, cin yau da kullum ne. Idan ka ji tsaki-tsaki kamar yashi, ko ka ga ɓawo mai ƙyalli kamar ɓawon kifi, ko siririn tsinke mai soka, wani abu yana ɓarewa a ciki, galibi kamshaf, ko sarƙar taimin da haƙoranta, ko rin da ya karye. A nan sai a buɗe murfin sama a duba kafin motar ta sake hawa hanya. Injin da aka yi wa sabon rin zai tara gari da yawa a kilomita 500 zuwa 1,000 na farko, daga nan ya ragu. Wanda ke ƙaruwa daga juye zuwa juye shi ne abin tsoro, don haka a ɗauki hotonsa da waya kowane karo, a rubuta lambar kilomita, ido ba ya riƙe abin wata uku.

Na jikin filta kuwa, dabarar tana da ma'ana, domin mai mai datti yana shiga ta ƙananan ramukan gefe, ya bi tsakanin gwangwani da takarda, sannan ya ratsa ya fita ta tsakiya. Mayen da ke manne a waje yana riƙe gari a bangon ciki kafin ya isa takarda. Amma gwangwanin kansa ƙarfe ne, yana shanye wani kaso na ƙarfin, sai mai ƙarfi sosai ke ratsawa. Doka ɗaya ce ba a karya ta: ba a cire mayen, ba a kuma gusar da shi, sai an kwance filtar daga inji. Idan aka ɗaga shi filta tana ɗaure, duk abin da ya tara zai saku a dunƙule lokaci guda. Saboda wannan dalili ne ma ba ma goyon bayan manna mayen ƙarfe a ƙasan kasko daga waje, inda dutse ko ramin hanya zai iya kaɗe shi. Motocin da filtarsu takarda ce zalla a cikin gidan roba ko alminiyam, kamar wasu Corolla daga 2009 da Marsandi da yawa, ba wurin manna shi. A nisanta shi da na'urar da ke karanta juyawar kuranshaf da wayoyinta, ita ma da jan maganaɗisu take aiki. Wanda kuma yake son ya ga abin da filta ta kama, ya yanka gwangwanin da abin yankan bututu mai faifai. Zarto zai zuba nasa garin a ciki, a ɗora wa inji laifin da bai yi ba.

Abu na ƙarshe da muke roƙon masu motoci, kuɗin da za a kashe a fara kashe shi a kan filta ta gaske. Jabun filta sun cika kasuwa, kwalinsu da fentinsu ba su da maraba da na asali. A ɗaga ta a ji nauyi, a leƙa ta ramin tsakiya a ga bututun ƙarfe mai huda-huda da takarda a bayansa, a duba ta ƙananan ramuka ko akwai robar da ke hana mai komawa kasko idan an kashe mota. Filtar da ba ta da wannan roba ita ce ke sa inji ya yi ƙara kaf-kaf-kaf na 'yan daƙiƙu da safe, fitilar mai ta daɗe ba ta mutu ba. Wanda ya ga haka bayan sabon juye, ya koma a sauya masa filtar a ranar.

Wassalam.

Daga wasu makanikai,
Farin Gada, Jos.