Su wa ke tsaya wa manya masu raunin fahimta a karkara?

Assalamu alaikum Edita. Ina neman fili in yi magana a kan wasu bayin Allah da ake tsallakewa duk lokacin da aka zo rabon tallafin nakasassu, wato manya masu raunin fahimta, irin waɗanda aka haifa da galahanga, ko doguwar naƙuda ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau ko shawara ta bar su haka tun suna jarirai.

Jigawa ba ta yi sake ba a fannin nakasassu. Tun 2007, zamanin Sule Lamido, aka soma ba su Naira 7,000 duk wata, kuma a Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya. Amma a ƙauye yaya ake tattara sunaye? Makafi suna da sarkinsu, guragu da kutare da kurame haka. Su ne ke zuwa sakateriya su kafa hujja. Mai raunin fahimta ba shi da sarki, ba shi da ƙungiya, ba ya iya cike takarda, ballantana ya je a ɗauki hotonsa don lambar NIN. Da na raka wata dattijuwa a kan ɗanta, cewa aka yi ai ƙafafunsa da idanunsa lafiya lau.

Wannan ɗan nata ya haura shekara talatin. Shi ke jan ruwa a rijiya yana cika randunan gidaje, ranar kasuwa kuma ya yi dakon buhuna, a sallame shi da ƙanzo ko Naira hamsin da shi bai san bambancinta da ɗari biyar ba. Yana da ƙarfi, yana son aiki, awaki ba sa ɓata a hannunsa. Abin da ya rasa shi ne mai tsaya masa a biya shi haƙƙinsa. Uwar kuwa maganarta ɗaya ce: “In na mutu, wa zai riƙe shi?” Na mata ya fi muni, don ɓata-gari sun san ba za su iya ba da shaida ba.

Kuma a daina haɗa su da masu taɓin hankali. Kai su asibitin masu taɓin hankali na Kazaure ko Dawanau ba zai canza komai ba in babu wata cutar daban, ɗaure su a turu kuwa zalunci ne. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta ce a riƙe musu dukiyarsu, a ciyar da su a tufatar da su daga cikinta, a yi musu magana mai daɗi. Sau nawa ake raba gado, rabonsu ya narke a hannun ɗan uwa ba tare da alƙali ya naɗa waliyyin da za a tuhuma ba?

Roƙona ga gwamnati da masarautu: a sa masu unguwanni su rubuta sunayensu gida-gida, tun da sun san kowa, a miƙa wa dagatai da hakimai. Kwamitocin zakka su saka su a lissafi, a ba su akuya ko tunkiya bisa amanar wanda jama'a suka yarda da shi. Ma'aikatan lafiya masu zagayen rigakafi su riƙa leƙa su, musamman masu farfaɗiya da ke buƙatar magani kullum.

Naku,
Wani mai karatu daga ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa