Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Ilimi Na Jihar Kano Kan Jarrabawar Aji Uku

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin Turanci ne a ajin farko na babbar sakandare, wato a hannuna yaran da suka ci jarrabawar BECE ta ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare suke sauka. Shi ya sa nake ganin ina da bakin magana a kan sakamakonta.

Duk shekara, a makon farko na zangon farko, ba na fara darasi. Nakan raba wa yara ɗan labari mai layi goma, in ce kowa ya tashi ya karanta jimla biyu. Akwai masu karantawa tiryan-tiryan, Allah ya ƙara musu basira. Akwai masu tuntuɓe amma su kai ƙarshe. Sai waɗanda ke hana ni barci: yaro ya riƙe takarda, ya kafa mata ido, ya yi tsit har sai na kusa da shi ya raɗa masa. Da farko na ɗauka Turanci ne ya yi musu nauyi, sai na kawo labari da Hausar boko. Wasunsu nan ma shiru. Kuma kowannensu ya zo da takardar da ke cewa ya ci Turanci, ya ci Lissafi.

Ranka ya daɗe, dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta yi wa kowane yaro alkawarin karatun shekara tara kyauta kuma dole, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. BECE ita ce shaidar an cika alkawarin. Hukumar NECO ke shirya ta makarantun gwamnatin tarayya, jihohi kuma kowace ta shirya wa makarantunta. Ka ga ke nan jiha ce ke koyarwa, ita ke fitar da tambayoyi, ita ke duba takardu, ita ke sanar da sakamako. Mai sayar da hatsi ne riƙe da mudu. Ban ce an yi tauye ba, amma ko a kasuwar Dawanau mai saye yakan so ya ga yadda aka auna.

Yadda yaron da bai iya karatu ba yake cin jarrabawa ba sihiri ba ne, duk malami ya san hanyar. Shugaban makaranta yana tsoron a ce makarantarsa ta faɗi, a kira shi a yi masa faɗa. Ko ya so ya maimaita wa yara aji, ina zai zaunar da su, ga na bayansu sun cika ɗaki har bakin ƙofa? Makin gwajin cikin aji, wanda ake haɗawa da na jarrabawa, wani lokaci a zama ɗaya ake cike shi, hannu sake. Ranar jarrabawa kuma tambayoyin zaɓi ka darje ne da yawa, amsa ɗaya ta isa ta zaga ɗaki in mai sa ido ya kau da kai. Kowa yana ganin taimako ya yi. Ni ma da aka taɓa tura ni sa ido, na ji wannan tausayin ya taso min, don haka ba daga kan tudu nake magana ba.

Sai dai ranar wanka ba a ɓoye cibi. Shekara biyu bayan nan yaran za su zauna jarrabawar kwalifayin, wadda da ita gwamnati ke tantance waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawar NECO ta kammala sakandare. A nan ne uwa za ta zo makaranta da mayafi a kafaɗa tana tambaya me ya sami ɗanta, bayan tun firamare ana ce mata yana ci. Me zan ce mata? Da a aji uku aka faɗa mata gaskiya, da akwai sauran lokaci.

Na yaba da dokar ta-ɓaci kan ilimi da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana a watan Yunin 2024. Ajin da aka gyara kowa yana ganinsa daga kan titi, amma ko yaron da ke ciki ya iya karatu, sai an auna. Roƙona shi ne a riƙa fitar da sakamakon BECE dalla-dalla: ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma har 44, makaranta bayan makaranta, darasi bayan darasi, maza daban mata daban, kuma makin jarrabawa a gefe guda, na cikin aji a gefe guda. In aka ga makarantar da makin ajinta ya yi sama, na jarrabawa ya yi ƙasa, an san inda za a leƙa. Sannan bayan an duba takardu, a zaɓi wasu makarantu ba tare da sanarwa ba, a sa yaran su karanta da baki, su yi lissafi a gaban mai dubawa, a kwatanta da abin da ke rubuce.

Amma a haɗa da alkawarin ba za a mayar da alƙaluman bulala ba. Mun ga abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da malamai 21,780 suka faɗi gwajin ɗan aji huɗu na firamare aka sallame su. Ko me mutum ke gani game da wancan mataki, ya bar tsoron gwaji a zukatan malamai, mai tsoro kuwa ɓoyewa yake yi. Makarantar da ta faɗi gaskiya a tura mata malami da littafi, a ware wa yaranta zango guda na koyon karatu da lissafi zalla kafin a ɗora musu Kimiyya da Adabi.

In Allah ya kai mu farkon shekarar karatu, ina gayyatarka, ranka ya daɗe. Ka zaɓi kowace babbar sakandare ka ga dama, ka shiga ajin farko ba jiniya ba 'yan rakiya, ka miƙa wa yaran bencin baya labari mai layi goma.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin sakandare, Kano