Ƙananan Ma'aikata Da Sanin Harkar Kamfaninsu

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi tsokaci kan yadda ƙananan ma'aikata suka fahimci harkar kamfanin da suke yi wa aiki.

Direba da mai kula da sito da mai karɓar kuɗi, kowannensu ya san aikinsa ciki da bai, amma idan aka tambaye shi wane kaya ne yake kawo wa kamfanin riba, ko wanne ake sayarwa da faɗuwa don kada abokan ciniki su gudu, sai ya yi shiru. Abin da idonsa yake gani shi ne ciniki, wato motoci suna fita da kaya, kuɗi suna shigowa. Ba ya ganin bashin banki, ko haraji, ko kayan da aka bayar bashi har yau ba a biya ba. Saboda haka ranar da aka ce babu halin ƙarin albashi, sai ya ɗauka yaudara ce, kuma ba zan ga laifinsa ba, tunda ba a taɓa nuna masa lissafin ba.

A ganina laifin na shugabanni ne, domin wannan matsala tana da magani. A shekarar 1983, wani manaja mai suna Jack Stack da abokan aikinsa suka sayi wata masana'antar gyaran injuna a garin Springfield na Amurka daga kamfanin International Harvester, da bashi mai nauyi a kansu. Sai suka koya wa ma'aikatan karanta takardun riba da asara, suna zama da su a kai a kai ana duba alƙaluma, kuma masana'antar ta farfaɗo. A Jamus kuwa doka ce ta shiga tsakani: dokar 1976 ta ba wakilan ma'aikata rabin kujerun majalisar da ke sa ido kan shugabanni a kamfanonin da ma'aikatansu suka haura 2,000.

Masu kamfani sukan ce asirin kasuwanci ba na kowa ba ne. Akwai gaskiya a ciki, don babu mai cewa a bayyana yarjejeniyar da aka ƙulla da kowane dillali. Sai dai gaya wa mai sito nawa kamfani yake asara a kan kayan da suka lalace a hannunsa kowane wata ba tona asiri ba ne, kuma shi ne ya fi manaja sanin ta inda ɓarnar take shigowa.

Na gode.

Naka,
Wani mai karatu