Rahoton Ayyukan Shekara: Shirin Yayye Masu Taimaka wa Ƙanne a Darasin Kemistiri

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayen ƙungiya, malamanmu, yayye da ƙanne maza da mata, ga rahoton abin da Allah Ya ba mu ikon yi a shekarar da ta ƙare, daga ofishin sakatare a madadin shugabanni. Ƙungiyarmu dai ta ɗaliban kimiyya ce 'yan asalin ƙauyukan Jahun da Miga waɗanda ke karatu a jami'o'i. Bana kusan duk ƙarfinmu a wuri ɗaya ya tafi, wato shirin ɗaliban da ke taimakawa wajen koyar da kemistiri, don haka shi ne zai ci mafi yawan rahoton. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanto shi dalla-dalla a babban taro.

Yawancin 'ya'yanmu suna Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013. Akwai kuma namu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, da Jami'ar Bayero ta Kano. Duk inda yaro ya samu gurbi, in dai ɓangaren kimiyya ne, ko likitanci yake nema ko aikin gona ko injiniyanci, sai ya bi ta kan CHM 101 da CHM 102, wato darussan kemistiri na aji ɗaya, da darussan ɗakin gwaji da ke tafiya tare da su. A nan ne muka daɗe muna asarar yara. Ɗakin lakca cike yake maƙil, malami ɗaya ne, na baya ko allo ba ya gani sosai. Yaron da ya fito daga makarantar ƙauye, wanda sau da yawa a littafi kawai ya taɓa ganin buret (dogon bututun gilashi mai famfo da ake auna ruwan sinadari da shi), kunyar ɗaga hannu yake ji a gaban ɗaruruwan mutane. Sai sakamako ya fito a ga ya faɗi, ya ja darasin zuwa baɗi, wani ma daga nan zuciyarsa ta karaya da karatun gaba ɗaya. Yaran nan ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, wanda zai zauna da su ne babu.

Abin da muka yi shi ne muka zaɓo 'yan aji uku da aji huɗu waɗanda suka ci waɗannan darussa da maki mai kyau, muka ba kowannensu 'yan aji ɗaya ƙalilan, suna haɗuwa sau ɗaya a mako na tsawon awa biyu. Tsarin ba namu ba ne. A Kwalejin Birnin New York ta Amurka aka fara shi a farkon shekarun 1990, kuma a darasin kemistiri aka fara: ɗalibin da ya riga ya ci darasi yana jagorantar mutum shida zuwa takwas suna warware tambayoyi tare. A jami'o'in Amurka da yawa wannan aiki ne sananne, ana neman sa, ana tantance mutum, ana biyan sa ko a ba shi makin darasi. A namu tsarin kuwa, matakin farko na koyarwa a jami'a na wanda ya riga ya gama digiri ne, don haka ɗalibin da bai gama ba ba shi da wani matsayi a hukumance. Tutoriyal dai an saba yi tun da daɗewa, a ƙarƙashin bishiya ko a harabar masallaci, amma kowa da yadda ya ga dama. Mu so muka yi abin ya zama aiki mai ƙa'ida.

Ƙa'ida ta farko da muka kafa ita ce mataimaki ba lakca zai sake yi ba. Alli yana hannun ƙanne, shi nasa tambaya da gyara. Ta biyu, ba ya yi wa kowa aikin gida, ba ya rubuta wa kowa rahoton ɗakin gwaji. Ta uku, duk abin da bai tabbatar ba ya ce zai tambayo malami. Wannan ta ukun ita ta fi yi wa samarinmu wuya, domin ba kowa ke son ƙaninsa ya ji ya ce bai sani ba.

Kafin a fara, wasu tsofaffin 'yan ƙungiya da ke koyarwa a sakandare sun horar da mataimakan a lokacin hutu, Allah Ya saka musu da alheri. Abin da suka fi nanatawa shi ne a fara da abin da yaro ya sani. Wata 'yar'uwarmu 'yar aji huɗu ta nuna mana yadda ake yi. Ta ga ƙannenta sun kasa gane lissafin mol (ma'aunin ƙirga ƙwayoyin sinadari), adadin ƙwayoyin da ke cikin mol ɗaya kuwa, wato lambar Avogadro ta 6.02 × 10²³ ta zame musu abin tsoro. Sai ta tambaye su me aka rubuta a jikin buhun takin yuriya da ake zubawa a gonar shinkafa. Duk sun san lambar: 46. Ta sa su lissafa nauyin mol ɗaya na yuriya, suka samu giram 60, naitirojin da ke ciki giram 28. Da suka raba, sai ga kashi 46 da ɗoriya cikin ɗari. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauki alli da kansa ya lissafa cewa ke nan buhu mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kimanin kilo 23, shi kuwa NPK 15:15:15 kilo bakwai da rabi kawai yake da shi. Ya ce yanzu ne ya gane dalilin da ya sa mahaifinsa ke cewa yuriya ta fi sa ganye ya yi duhu. Tun daga ranar sauran rukunoni suka ɗauki wannan misali.

Haka aka yi da batun asid da kishiyarsa. Ruwan zoɓo in an matsa masa lemun tsami ƙara ja yake yi, in an zuba masa jiƙon kanwa sai ya juya ya yi duhu mai ratsin kore. Wanda ya ga wannan da idonsa a kofi, ranar da ya shiga ɗakin gwaji aka ce ya lura da sauyin launi ba zai rikice ba.

A ɗakin gwaji ne aikin mataimakan ya fi fitowa fili, a sassan da aka amince suka shiga ƙarƙashin kulawar ma'aikatan wurin. Sabon ɗalibi in ya zo taitireshan, wato ɗiga wani ruwan sinadari cikin wani har sai launi ya sauya, buɗe famfon buret yake yi gaba ɗaya, kafin ya ankara launin ya wuce inda ake so. Mataimaki kan tsaya a gefensa ya nuna masa yadda hannun hagu ke riƙe famfo, na dama yana juya kwalba, a sa farar takarda a ƙasa, in an kusa sai ɗigo ɗaya-ɗaya. Ya sa shi ya durƙuso idonsa ya yi daidai da saman ruwan, ya karanta daga ƙasan lanƙwasar. Ya hana shi tsotsar fifet, wato siririn bututun ɗibar ruwan sinadari, da baki. Ya tuna masa cewa asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid mai ƙarfi, saboda zafin da ke tashi na iya fantsamo shi a fuska. Malami ɗaya ba zai iya tsayawa a kan kowane tebur ya yi wannan ba. Mun kuma roƙi 'yan'uwa mata su riƙa soke hijabi cikin rigar ɗakin gwaji in za a kunna wuta, maza kuma su bar zuwa da silifa. Alhamdu lillahi babu wanda ya ji rauni a cikin namu duk tsawon shekarar.

Wani amfani da ba mu yi tsammani ba, su kansu mataimakan karatunsu ya ƙaru. Da yawansu sun ce sai da suka zo bayyana wa wani daidaita lissafin sinadarai sannan suka gano ashe hadda suka yi a aji ɗaya.

Sai matsaloli, kuma ba za mu ɓoye su ba. Babbarsu ita ce kuɗi. Awa biyu ake gani, amma kafin ta akwai shiri, bayanta akwai amsa tambayoyi a WhatsApp har dare da datar da mutum ya saya da kuɗinsa. Ɗan abin da muka iya bayarwa na kuɗin mota bai kai ƙarshen zango na biyu ba. Wasu daga cikin ƙwararrunmu sun ajiye aikin, wani ya koma sayar da kaya a bakin makaranta, wani ya tafi gida aikin damina. Ba mu ga laifinsu ba, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ra'ayina a matsayin sakatare shi ne mu daina kiran wannan abu taimako kawai. Aiki ne, kuma in ana son ya ɗore dole a biya mai yin sa, ko da kaɗan ne, a kan lokaci.

Akwai kuma wani sashe a ɗaya daga cikin jami'o'in da bai yarda mataimakanmu su shiga ɗakin gwaji ba, saboda babu wanda zai ɗauki alhaki in wani abu ya fashe. Hujjarsu tana da ƙarfi, mun tsaya a tutoriyal na waje a can. Sannan mataimaka mata sun yi mana kaɗan, alhali ƙannenmu mata sun fi sakewa su yi tambaya in mace ce ke jagora, kuma zaman bayan magariba ba ya yi musu. A wurare biyu an mayar da zaman zuwa safiyar Asabar, abin ya gyaru.

Sauran ayyuka a taƙaice: an yi darasin hutu ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare masu shirin WAEC da NECO da JAMB, sai dai ruwan watan Agusta ya hana mu isa wasu ƙauyukan Miga. An taimaka wa masu neman lamunin karatu na NELFUND wajen cike bayanansu a intanet. An kai ziyarar ta'aziyya ga 'yan'uwan da suka yi rashi, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Abubuwan da muke so babban taro ya yanke hukunci a kansu su ne waɗannan. A ware wani kaso na kuɗin ƙungiya wanda ba za a taɓa shi don komai ba sai alawus ɗin mataimaka, kuma muna roƙon yayyenmu masu albashi kowa ya ɗauki nauyin mataimaki ɗaya na zango guda. A naɗa dattawan ƙungiya su je su gana da shugabannin sassan kemistiri, a nemi a riƙa ba duk wanda ya kammala aikin takardar shaida mai sa hannun sashe, domin za ta yi masa amfani ranar neman aikin koyarwa ko gurbin digiri na biyu. A kuma amince a sayi tabaran kariya da rigunan ɗakin gwaji na aro, don akwai yaran da ake mayarwa daga bakin ƙofa saboda ba su da riga.

Duk ɗan aji biyu da ya ci CHM 101 da CHM 102 kuma yake son shiga sahun mataimaka a shekara mai zuwa, ya ba wakilin makarantarsu sunansa da kwafin sakamakonsa kafin ranar taro, musamman 'yan'uwa mata. Za a yi horon ne a hutun ƙarshen zango in sha Allahu.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya.