Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarki Kan Maganar Wutar Sola Da Nukiliya

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, mu talakawanka ne, masu sana'a da malaman makaranta da iyaye mata da matasa, muka haɗu muka rubuto wannan koke saboda duk sanda aka tada maganar wuta sai ka ji wasu na cewa a yi haƙuri a jira tashar nukiliya, wai ita ce za ta gama matsalar gaba ɗaya, sola kuma wasan yara ne. Wannan lissafin tsoho ne wallahi, ya canza tuntuni, kuma tsoronmu kar a yanke mana shawara da shi.

Daga 2010 zuwa yanzu kuɗin samar da wuta a manyan filayen sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, batirin da ke ajiye wutar shi ma haka, a 2010 ya haura dala 1,000 kan kowane kilowat-awa (ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa) amma a 2024 ya dawo wajen dala 115, dalilin kuwa a fili yake, kaya ne da ake bugawa miliyoyi a masana'anta, yawanci a ƙasar Sin, duk sanda aka ƙara bugawa sai ya ƙara araha.

Ita nukiliya ba haka take ba. A Amurka, sababbin injina biyu na tashar Vogtle da ke jihar Jojiya an ce za su ci wajen dala biliyan 14, sai da suka haura biliyan 30 kuma suka makara shekara bakwai, na ƙarshen sai 2024 ya fara aiki. A Faransa an fara ginin tashar Flamanville 3 a 2007 da alƙawarin gamawa a 2012 kan yuro biliyan 3.3, ba a jona ta da layin wutar ƙasa ba sai Disambar 2024 bayan kuɗin ya ninka kusan sau huɗu. Ta ƙasar Finlan, Olkiluoto 3, tun 2005 ake gini sai 2023 ta kama aiki sosai. Waɗannan fa ƙasashe ne masu kuɗi da injiniyoyi da gogewa. Kuma abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne bashi, domin duk shekarun nan da ake gini ba a sayar da wuta ko ta kwan fitila ɗaya amma kuɗin ruwa yana ta hawa, ƙarshe mai biyan kuɗin wuta ne zai ɗauka, shi da 'ya'yansa.

Ba mu ce nukiliya ba ta da amfani ba, gaskiya dai gaskiya ce, in an gama gina ta tana ba da wuta dare da rana har shekara 60, kuma tashar Barakah da 'yan Koriya ta Kudu suka gina wa Daular Larabawa tana ba su wajen kashi ɗaya cikin huɗu na wutarsu. Sola kuma in rana ta faɗi shi ke nan sai batir, shi ya sa muke cewa duk wanda zai yi lissafin sola ya saka kuɗin batura a ciki kar ya yaudare mu. Amma shi sola ana kafa shi cikin watanni, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa, in wani ɓangare ya lalace sauran na aiki.

Don haka muna roƙon Sarki, don Allah, ya kira zama da shugaban ƙaramar hukuma da hakimai da dagatai a gaban jama'a, duk wanda ya kawo tsarin wuta, sola ne ko nukiliya, ya faɗi nawa za a sayar mana da wutar, wace shekara za ta zo, kuma wa zai biya in kuɗin aikin ya zarce abin da aka faɗa. Sannan a ware fili yanzu don sola da batura, filin da ba gonar kowa ba, kar a riƙe shi ana jiran alƙawarin da ba a sa masa rana ba, a kuma sa a yarjejeniya cewa kamfanin da zai yi aikin sai ya koya wa matasanmu gyara.

Sunayenmu da sa hannunmu na biye da wannan takarda, kuma a shirye muke mu zo fada duk ranar da Sarki ya sa mana.

Allah ya taimaki Sarki.

Daga talakawan masarauta.