Takardar Koke ga Mai Girma Hakimi kan Kangon Gidan Ɗanmu da Ya Rasu a Yaƙin Garwa

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagacin ƙauyenmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka, dattawa da limamai da mata da matasa, mun kawo kukanmu a kan kangon gidan da ke gabas da masallacin Juma'a, wanda muka ji an sa shi cikin filayen da za a yanka a raba. Muna roƙon a dakata da wannan fili har ka saurare mu.

A gidan nan aka haifi wani saurayi da ya shiga soja, ya tafi Yaƙin Duniya na Farko, bai dawo ba. Sunansa da na mahaifinsa da salsalar danginsa suna cikin takardar da muka haɗa da wannan. Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. Jikokin ƙanwarsa ne suka riƙe labarinsa, su ma tsufa ya kama su.

Allah ya ja zamaninka, ka fi mu sanin yadda shekarar 1913 ta kasance a ƙasar Kano. Ruwa ya ɗauke, hatsi bai yi ba, aka shiga yunwar da tsofaffi ke kira Kakalaba, wadda ta kai har 1914. Abin da dangi suka gada daga bakin ƙanwarsa shi ne, a cikin wannan yunwa ya bar gida, don a bariki akwai abinci, akwai albashin da zai aiko wa mahaifiyarsa. A watan Janairun 1914 Turawa suka haɗe Arewa da Kudu, suka haɗe sojojinsu a runduna guda. Ba a yi wata takwas ba yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Jamus, kuma Kamaru a lokacin a hannun Jamus take.

Yana cikin waɗanda suka tashi daga Yola ƙarƙashin Laftanar Kanar Maclear, suka nufi Garwa ta ƙasar Kamaru a bakin kogin Binuwai, ana tsakiyar damina. Jamusawa sun riga sun shirya. Sun gina sansanoni a kan tudu, sun haƙa ramukan yaƙi, sun girke bindigogi masu ruwa. A ƙarshen watan Agusta sojojin Najeriya suka kai hari da dare, suka kama sansani ɗaya, suka shige ramukan suna jiran wayewar gari. Da gari ya waye Jamusawa suka buɗe musu wuta, ramin da aka fake a ciki ya zama wurin da ba fita. Maclear da kansa ya mutu a wurin, waɗanda suka tsira suka ja da baya zuwa Yola. Wani abokin tafiyarsa daga ƙauyen maƙwabta, wanda ya dawo bayan yaƙi, shi ya shaida wa mahaifiyarsa cewa a cikin ramin nan ya bar shi, harsashi ya same shi, ba halin ɗaukar gawa. Ba a yi masa wanka ba, ba a sallace shi ba, ba wanda ya san kabarinsa. Garwa ba ta faɗi ba sai 10 ga Yunin 1915, bayan sojojin Ingila da na Faransa sun kewaye ta da igwa. Sansanin Jamusawa na Dutsen Mora kuwa sai Fabrairun 1916 ya miƙa wuya.

Mun san abin da wasu ke cewa, don an faɗa mana a gaban masallaci: yaron nan sojan Nasara ne, me ya sa za a tuna da shi? Maganar tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Shekara 11 ce kacal tsakanin faɗuwar Kano a 1903 da wannan yaƙi, kuma iyayenmu ba su manta da abin da masu jan hula, wato sojojin Nasara, suka yi wa garuruwa ba. Amma ranka ya daɗe, lokacin da aka fasa ganuwar Kano yaron nan bai isa kiwon awaki ba. Bai san Sarkin Ingila ba, bai san na Jamus ba. Waɗanda suke harbinsa daga ɗaya ɓangaren ma yawancinsu 'yan Afirka ne irinsa. Ga Chari Maigumeri, mutumin Borno, wanda ya yi wa Jamus yaƙi har aka kama shi a Garwa ɗin nan a 1915, daga baya ya koma rundunar Ingila, yau kuma akwai barikin soja da sunansa a Lakwaja. Shi ya rayu ya yi suna. Namu ya mutu a watan farko na yaƙin, ko takardar ta'aziyya ba a aiko ba.

Su kansu Turawan sun amsa laifinsu. A watan Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, mai yiwuwa har 350,000, galibi 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu ba ko ba a tuna da su ba sam. Ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a gaban majalisarsu. In baƙo ya ji kunyar mantawa da shi, mu 'yan gida ba mu da ta cewa.

Ba gunki muke so a gina ba, kuma limamanmu sun ja mana kunne a kan haka tun kafin mu ɗauki alƙalami. Abin da muke nema shi ne a bar kangon nan ga jama'a, mu haƙa rijiyar burtsatse a ciki ta zama sadaka mai gudana a gare shi, a kafe ɗan allo mai ɗauke da sunansa da shekarar da ya rasu. Unguwar gabas dama ba ta da ruwa, matan can har rafi suke zuwa da rani. Magada sun yarda, sun dangwala yatsa. 'Ya'yanmu da ke ci-rani sun fara tara kuɗi, matasa sun ɗauki aikin ƙarfi. Fili kawai ya rage, shi kuwa sai da yawunka.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfinmu. A bariki galibi ba a rubuta yaro da sunan mahaifinsa, sai a lanƙaya masa sunan babban garin da ya fito, don haka masu suna ɗaya suka yi yawa a littafin soja. Akwai dutsen tunawa da mamatan wannan yaƙi a Lakwaja, akwai tsofaffin takardu a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Talaka daga ƙauye in ya je shi kaɗai, a bakin ƙofa zai ƙare. Muna roƙon takarda daga ofishinka, ta bi ta Majalisar Masarauta, wadda malaman makarantarmu biyu za su riƙe su je su duba ko sunansa ya shiga. In an samu, a kawo wa dangi kwafi. In ba a samu ba, mu aika wa waccan hukuma da shaidar da muke da ita.

Sai kuma izininka a riƙa yi masa addu'a a masallacinmu, tare da sauran 'yan mazan jiya na gundumar nan, a Juma'ar da ta fi kusa da 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya.

An ce mana masu awon filaye za su shigo bayan girbi. Muna roƙon ka ba mu rana kafin nan, mu zo fada da tsofaffin gidan, ka ji daga bakinsu tun suna da ƙarfin tafiya.

Allah ya taimake ka, ya ƙara maka lafiya da nasara.

Talakawanka masu biyayya,
Dattawa, limamai, mata da matasan ƙauyen.
Sa hannu da dangwalen yatsa suna a takardar da ke biye.